Kalmar sirrin Ubuntu ta ɓace: recovery mode ko filashi?

Ɗan'uwa, ka ce sudo, umarnin da ke ba ka ikon mai gudanarwa, ya ƙi karɓar kalmar sirrinka a Ubuntu, kana tambaya wanne ya fi tsakanin shiga recovery mode (yanayin gyara) da tayar da kwamfutar daga filashin da aka ɗora wa Ubuntu. Da farko ka sani, asusun root, wato babban asusu mai cikakken iko, a kulle Ubuntu ke zuwa da shi, don haka kalmar da sudo ke nema ita ce wadda kake shiga da ita kullum. Duba Caps Lock da tsarin madannai tukuna, musamman in AZERTY ne irin wanda ya yawaita a Nijar, domin A da Q sun yi musayar wuri.

Recovery mode ya fi sauri, ba ya buƙatar komai daga waje. Da ka kunna, riƙe Shift in tsohon BIOS ne, ko ka danna Esc in UEFI ne, wato na sababbin kwamfutoci, har GRUB, jerin zaɓin tayar da kwamfuta, ya fito. Zaɓi "Advanced options for Ubuntu", sai layin da ke ɗauke da recovery mode, sai "root". A nan da yawa ke tuntuɓe: su rubuta passwd, umarnin canza kalmar sirri, sai ya amsa da "Authentication token manipulation error". Dalili kuwa, an ɗora faifan ne don karatu kawai, fayil ɗin /etc/shadow, inda ake ajiye kalmomin sirri, ba zai rubutu ba. Fara da mount -o remount,rw / sannan passwd da sunan asusunka; in sunan ma ya shige maka, ls /home zai nuna. Ba za ka ga ko tauraro ba yayin rubuta sabuwar kalmar, haka aka tsara shi. Raunin recovery mode ɗaya ne: in wani ya taɓa sa wa root kalmar sirri, ita zai tambaye ka.

Filashi bai damu da wannan ba, ko GRUB ya lalace yana aiki. Sai dai dole ka gane ɓangaren faifan da kanka. Zaɓi "Try Ubuntu", buɗe Terminal, rubuta lsblk don ganin ɓangarorin faifan, nemo babban ɓangaren, misali /dev/sda2 ko /dev/nvme0n1p2. Daga nan sudo mount /dev/sda2 /mnt, sudo chroot /mnt, sai passwd da sunan. Kada ka ɗauki ƙaramin ɓangaren EFI, babu asusu a cikinsa.

Ni dai recovery mode zan ce ka fara gwadawa, filashi ya zama na ko-ta-kwana. In faifan a rufe yake da LUKS, tsarin ɓoye bayanan faifai, kuwa, duka biyun ba su tsallake kalmar buɗe faifai.

In saƙon da kake gani "is not in the sudoers file" ne, to kalmar sirrinka lafiya lau take, ba ka cikin rukunin sudo ne kawai. A matsayin root rubuta usermod -aG sudo da sunanka, kada ka bar -a ɗin, in ba haka ba zai fitar da kai daga sauran rukunonin.