Na'urar Riƙo ko Hannu Zalla: Wanne Ya Fi Sauri da Daidaito?

Masu sayen gilashin duniyar kwaikwayo (na'urar da ake sawa a fuska, mutum ya ga hoto kamar yana cikinsa) irin su Meta Quest 3 suna yawan tambaya ko su yi aiki da na'urorin riƙo masu girgiza, ko kuwa da hannu zalla wanda kyamarorin gilashin ke bibiya.

Babban bambancin yana wajen taɓawa. Idan mutum ya danna maɓalli a cikin hoton, na'urar riƙo takan ɗan girgiza a tafinsa, sai ya san aikin ya shiga ba tare da ya tsaya dubawa ba, don haka yakan fi sauri kuma kuskurensa ya ragu. Da hannu zalla kuwa, iska yatsa yake caka, yakan zarce maɓallin ko ya danna sau biyu, kuma kyamara takan rasa yatsu idan hannu ɗaya ya kare ɗaya ko ɗakin ya yi duhu. A ganina, shi ya sa gilashin Apple Vision Pro na 2024 ya dogara ga kallo da haɗa yatsu biyu, domin mutum ya ji taɓawar a fatarsa.

Hannu dai ba ya buƙatar batir, kuma sabon shiga yakan saba da shi nan da nan.

Mai wasan da ke buƙatar saiti, ko mai koyon aikin hannu, na'urar riƙo ta fi dacewa da shi. Mai kallon bidiyo ko karatu kuwa, hannunsa ya wadatar.