Kyamarar fim ta hannu: wacce ta dace da ƙaramin aljihu a Maradi?

Mai neman tsohuwar kyamarar fim yakan zo da suna biyu a baki: Canon AE-1 da Pentax K1000. Dukansu sun fito a 1976, dukansu nagari ne, amma sunan ya sa musu tsada fiye da aikinsu. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina, tambayar farko ita ce wane batir kyamarar take ci, kuma me za ta iya in batirin ya mutu.

AE-1 ta faɗi wannan jarrabawa. Labulenta, wato abin da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, da lantarki yake aiki, kuma batirinta 4LR44 ne mai bolt 6, wanda ba kowane shago ke ajiye shi ba. Ana iya jera ƙananan batiran agogo LR44 guda 4 a cike gurbin da takardar alminiyom, sai dai dabara ce ta wucin gadi. Tana kuma da wata cuta da aka san ta da ita: in ka danna ka ji ƙara kamar tarin ɗan akuya, man da ke cikin injin madubi, wato ƙaramin madubin da ke cikin kyamarar a bayan gilashin gaba, ya bushe. Murfin batirinta ma saurin karyewa gare shi. K1000 ba ta da matsalar batir, ƙarfe ce da sifirin, batir na ma'aunin haske ne kawai. Laifinta farashi, sannan ma'auninta ba shi da makunni. In ka bar idon kyamarar, wato gilashin gabanta, babu murfi, batirin zai yi ta zuba.

Wadda ta fi cancanta ga mai kuɗi kaɗan ita ce Yashica FX-3, ta 1979. Labulenta na ƙarfe ne, gudun buɗewarsa daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000 na daƙiƙa, yana aiki ko babu batir. Ma'auninta LR44 biyu yake so, waɗanda masu gyaran agogo a babbar kasuwa ke sayarwa. Fatar jikinta kan ɓare ta bar ta kamar mai kirci, abin da ke karya mata farashi alhali bai taɓa hoto ba. Aibin da za ka duba da gaske shi ne madubi: zafi kan sassauta gam ɗin da ya riƙe shi, sai ya zame gaba ya riƙa bugun bayan ido. Cire idon ka duba ko gilashin madubin ya zarce bakin ƙarfen da yake zaune a kai. Ricoh KR-5 Super ƙanwarta ce a hali, kuma ta fi ta da abu guda: bakinta, inda ake ɗaura ido, irin na Pentax K ne, idanun da ke shiga wannan baki kuwa suna da yawa da araha.

Wanda bai damu da kyan sura ba, ya dubi Nikon F-801 ta 1988 ko F90X ta 1994. Suna da nauyi, suna da ƙara, ƴan gayu ba sa son su, shi ya sa suke da sauƙi. Batiran AA guda 4 suke ci, irin na rediyo da tocila, labulensu yana kai 1/8000, suna saita gani da kansu. Mai ɗaukar kokawa ko hawan sallah, inda ake buƙatar 1/500 zuwa sama don tsayar da motsi, nan ya kamata ya tsaya. Murfin bayan F90X kan yi danƙo. Tsumma da sifirit na goge shi. Amma ka buɗe gidan batir: in ka ga farin gari ko kore a kan ƙarafan, batir ya taɓa fashewa a ciki, kuma ba a san iya inda ruwan ya kai ba.

Canon EOS 300 da EOS 500N sun fi duka arha, kuma ga mai kyamarar Canon ta dijital da idanun EF riba ce, don idanun suna shiga kai tsaye, ban da EF-S. Batiransu, CR2 da CR123A, su ne za su ci maka ribar. Minolta X-700 da X-300 kan mutu farat ɗaya saboda lalacewar ƙaramar kwandansa, wani ɗan kayan lantarki da ke cikinsu. Mai gyaran rediyo mai hannu zai iya canza ta X-300 da ke ƙarƙashin murfin gindi, amma kada ka biya kuɗin mai lafiya. Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 an yi ma'auninsu ne don batirin makuri, wato zaiba, mai bolt 1.35 da aka daina yi, na yanzu mai 1.5 yana sa su ƙarya. Zenit kuwa, in idon Helios 44-2 ne a bakinta, idon ka saya, jikin kuwa kyauta aka ba ka.

Ko wacce ka zaɓa, a wurin ƴan gwanjo ko a hannun tsohon mai hoto da ya koma dijital, kada ciniki ya faɗa sai ka gwada. Ka tafi da batirinka da tocila. Cire ido, buɗe baya, ka ɗaga ta wajen haske ka danna a kowane gudu. A daƙiƙa 1, ka saurari injin ya yi tafiyarsa bai tsaya a hanya ba. A 1/1000, dole ka ga walƙiyar haske a faɗin tagar duka. In gefe guda ya yi duhu, cikin labule biyun da ke wuce tagar, na biyu yana kamo na farko, rabin hotonka zai fito baƙi. Masu labulen yadi, irin K1000, AE-1 da Zenit, ka haska tocila ta gaba ka nemi ƙananan huji kafin ka ja fim da bayan ka ja. Ma'aunin haske gwajinsa ba wuya a nan, tunda rana ba ta yi mana rowa: sa ISO, lambar ƙarfin jin hasken fim, a 100, faɗin buɗewar ido kuma a f/16, ka nuna ta ga fili da hantsi, ya kamata ta ce 1/125 ko kusa da haka.

Soson da ke toshe haske a bakin ƙofar baya kusan kullum ya narke ya zama kwalta. Wannan dalilin neman ragi ne, ba na fasa saye ba. Ana kankare shi da tsinke da sifirit, a tura baƙin zaren ulu cikin ramukan, a manna siririn soso mai kaurin milimita 1 zuwa 2 wajen maratayin ƙofa. Sifirit kada ya taɓa farin allon da ke saman madubi, roba ce, zai dusashe. Man keken ɗinki kuma kada ya kusanci labule: shi da ƙurar hunturu in sun haɗu, taɓo suke zama. Ido kuwa ka haska shi ta baya. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka kwana a bakin teku irin Kwatano da Legas.

A lissafin kuɗi, kada jiki ya cinye fiye da rabin abin da ke hannunka. Sauran na ido mai milimita 50 ne, da batir, da fim aƙalla biyu. Tun kafin saye ka tabbatar da inda za a wanke maka, a gari ko Yamai ko Kano, don fim mai kala yana buƙatar magungunan C-41 a digiri 37.8 daidai. Na farko ka ɗauki mai hoto 24, ka ƙare shi cikin mako guda a gudu daban-daban, a wanke. Jan tabo a gefen hoto haske ne ke shiga ta ƙofa. In hotuna suna hawa kan juna, injin jan fim ne ya lalace. Fim ɗin da ya rage a sa shi a firji cikin leda mai rufi, a fito da shi awa biyu kafin a buɗe, don kada raɓa ta kama shi.