Shafin EDGAR: Inda Mai Zuba Jari Zai Ga Bashin Haya da Idonsa

Duk wanda ke son sanin nauyin bashin da ke wuyan wani kamfani na kasuwar hannayen jarin Amurka, shawarata ita ce ya fara da EDGAR, rumbun bayanai na intanet da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar take gudanarwa. Kyauta ne, ba ya buƙatar rajista, kuma tun 1996 aka wajabta wa kamfanonin ƙasar su riƙa shigar da rahotanninsu ta nan. Na auna shi ne da ma'auni guda, wato yadda yake fito da bashin hayar dogon zango, domin wannan bashi ne da ya daɗe yana ɓuya wa masu ƙaramin jari.

Akwai hayar da sunanta kawai haya, amma a zahiri saye ce da bashi, kamar a-daidaita-sahun da direba yake biya mako-mako har ya zama nasa. Tsohuwar ƙa'idar akantocin Amurka ta 1976 ta ce idan wa'adin haya ya kai kashi 75 cikin 100 na rayuwar kadarar, ko darajar kuɗin hayar ta kai kashi 90 cikin 100 na farashinta, to dole a rubuta ta cikin basussuka. Kamfanoni da yawa sai suka riƙa tsara yarjejeniyarsu ta tsaya dab da iyakar ba tare da ta haura ba, har hukumar IASB mai tsara ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa ta ƙiyasta a 2016 cewa cikin alkawuran haya na kimanin dala tiriliyan 3.3, fiye da kashi 85 cikin 100 ba sa bayyana a jadawalin kadarori da basussuka. Daga 2019 ne sabbin ƙa'idojin akanta, wato ASC 842 ta Amurka da IFRS 16 ta ƙasa da ƙasa, suka toshe wannan kafa.

A nan ne amfanin EDGAR yake fitowa sarai. Idan mutum ya buɗe rahoton shekara na Amazon, wanda ake kira 10-K, zai ga layi guda na bashin hayar dogon zango a jadawalin. Shafukan da ke tattara alƙaluma galibi nan suke tsayawa, amma EDGAR yana ba ka cikakkiyar takardar da kamfanin ya sa wa hannu, har da bayanan da ke biye da alƙaluma, inda aka raba hayar da ta zama saye da hayar amfani ta yau da kullum, aka nuna jimillar abin da za a biya, aka cire kuɗin ruwan da ke cikinta, sannan aka ware rabon da zai faɗo cikin watanni 12 masu zuwa. A wurin kuma ake samun matsakaicin shekarun da suka rage da kuma kason ruwan da aka yi lissafi da shi. Wannan kason yana da muhimmanci ƙwarai, domin duk lokacin da aka ɗaga shi, bashin da ke rubuce yakan ragu alhali ko sisi bai ragu daga abin da kamfanin zai biya ba.

Wani abin yabo shi ne tsarin XBRL, wanda yake sa kowane adadi ya zama abin latsawa, a ga ma'anarsa da lokacin da ya shafa. Akwai kuma binciken kalma cikin takardun da aka shigar tun daga 2001.

Sai dai shafin bai yi wa sabon shiga tanadi ba. Komai da Turancin akantoci ne, babu mai kama hannunka, kuma wanda bai san cewa hayar da ta zama saye, da ake kira capital lease kafin 2019, ta koma finance lease ba, zai ɗauka bashin ya ɓace ne. Haka nan kwatanta kamfanoni yana buƙatar hattara, saboda kamfanonin waje masu bin IFRS 16 sukan ɗauki kusan kowace haya a matsayin bashi iri ɗaya, yayin da na Amurka suke raba ta gida biyu.

Mai karatu daga Najeriya ya sani cewa ba zai sami kamfanonin kasuwar hannayen jarin Najeriya, wato NGX, a nan ba. Zai dai ga rahotannin IHS, mai turakun sadarwa da ya shiga kasuwar New York a Oktoban 2021, amma MTN Nigeria da ke hayar waɗannan turaku, wanda faɗuwar naira ta kumbura masa bashin haya har ya yi asarar kusan naira biliyan 400 a 2024, sai an nemi rahotonsa a shafin kamfanin ko na NGX, a kuma wuce kai tsaye zuwa bayanin haya.