Filtar kyandir da filtar famfo mai kofuna: wacce ta fi daɗewa, yaushe ake canza su?

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce filtarki ta kyandir, irin mai tukwanen ƙarfe biyu ɗaya bisa ɗaya, ta haura shekara biyu ba a taɓa canza mata kyandir ba, kuma har yau ruwan garai-garai yake fita. Maigida kuma yana so a sa irin wadda ake haɗawa da famfon kicin, mai kofuna uku, tunda kun haƙa rijiyar burtsatse. Kina tambayar wacce ta fi daɗewa, da yadda za ki gane lokacin canji ya yi.

Don Allah ki daina dogaro da hasken ruwan. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa canza wa ruwa launi ko ɗanɗano. A 2021 an samu mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Shi ya sa nake ɗaukar tambayar nan da muhimmanci.

Filta iri biyu take lalacewa. Wata toshewa take yi, ruwa ya rage gudu, ke da kanki ki gane. Wata kuwa ƙarfinta ne yake ƙarewa a ɓoye, ruwa na fita kamar kullum alhali ta daina aiki. Duka filtocin da kike tambaya a kansu suna da ɓangaren da ke toshewa da wanda ke mutuwa shiru, kuma na biyun ne abin tsoro.

Kyandir yumɓu ne da aka gasa, mai ramuka ƙanana da ba su kai mikron 1 ba (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Laka da yawancin ƙwayoyin bakteriya a bayansa suke maƙalewa. Idan ya toshe, sai a kwance shi a goge da sabon soso ko burushi mai laushi da ruwa mai tsabta, ban da sabulu, ban da omo, domin yumɓun yana shanye su. Yana komawa aiki, amma kowace guga tana cin kaurinsa kaɗan. Kamfanoni irin su Doulton suna ba da shawarar canji tsakanin wata 6 zuwa 12, wasu kuma irin Katadyn sukan haɗa da wani ɗan ma'auni da ake zura wa kyandirin. Ranar da kyandirin ya shige cikin ma'aunin nan cikin sauƙi, ya sirance ke nan, a jefar. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: kyandirori da dama suna da gawayi a cikinsu, shi ke cire wari da ɗanɗanon kulorin, kuma gawayin nan yakan gaji wajen wata shida ko da yumɓun yana nan lafiya lau.

Alamar da ta fi kowace haɗari a kyandir ita ce wadda ake murna da ita. Idan tukunyar ƙasa da ke ɗaukar dare guda kafin ta cika ta koma cika cikin sa'a ɗaya ba tare da kin wanke komai ba, to kyandirin ya tsage, ko robar da ke ƙarƙashin notinsa ta saki, ruwa yana zurarewa bai bi ta yumɓu ba. Tsagar tana iya zama siririya kamar gashi, ido ba zai gan ta ba sai an duba da kyau a hasken rana. Kyandir da ya taɓa faɗuwa ƙasa, ni dai ba zan ƙara yarda da shi ba. Naki da ya shekara biyu, Hajiya, ki canza shi cikin satin nan, ki wanke tukunyar ƙasa da bakin famfonta da ruwan da aka tafasa, domin sau da yawa a nan ruwan da aka tace yake sake gurɓata.

Ita ta famfon, babu amsa ɗaya game da daɗewarta, saboda kowane kofi da nasa wa'adin. Na farko, mai farin abu irin auduga da aka matse, shi ke tare yashi, laka da tsatsa. Akan rubuta wata 3 zuwa 6, amma sabuwar rijiyar burtsatse mai fitar da yashi, ko tanki da aka daɗe ba a wanke ba, suna iya kashe shi cikin sati uku, musamman da damina. Wannan ba ya ɓoye halinsa: yana komawa ja ko ruwan ƙasa, ruwa ya rage ƙarfi. Ki ce wa mai haɗawa ya sa kofi mai haske wanda ake ganin ciki. Na biyu da na uku yawanci gawayi ne, wata shida ake ba su, wasu har shekara. Su ne masu mutuwa shiru. Gawayi yana kama ƙazanta ne a jikinsa, idan ya cika sai ya bar komai ya wuce, kuma tsohon gawayi da ya daɗe a jiƙe wuri ne da bakteriya ke hayayyafa. Idan kun yi tafiya gida ya zauna sati biyu ba kowa, a buɗe famfon ya zuba na wasu mintuna kafin a sha.

Ga inda nake so maigida ya tsaya ya duba da kyau. Kofi na farko galibi mikron 5 ne, ƙwayar kwalara kuwa kaurinta bai kai mikron 1 ba. Kofuna ukun nan su kaɗai suna gyara kamanni da wari da ɗanɗano, amma ba sa hana ƙwayar cuta wucewa. Ta wannan fuskar tsohuwar tukunyarki ta kyandir ta fi su, duk da sun fi ta tsada da kyan gani. Sai an ƙara musu ɗaya cikin biyu: fitilar UV, mai kashe ƙwayoyin cuta da wani irin haske, ko matatar RO, wata siririyar fata da ake tura ruwa ta cikinta da ƙarfi, ta tare har gishirin da ya narke a ciki.

Fitilar UV shekara ɗaya ake ba ta, kimanin sa'a 9,000 tana kunne. Bayan haka tana ci gaba da haske, amma ƙarfin kashe ƙwayoyin ya ragu, kuma ba a gane hakan da ido. Idan an ɗauke wuta ba ta aiki sam, ruwan kuwa yana ci gaba da wucewa. RO takan kai shekara 2 zuwa 3, da sharaɗin ana canza kofunan gabanta a kan lokaci, domin laka na toshe ta, kulorin kuma yana cinye fatarta. Ana auna lafiyarta da ɗan ƙaramin mita na TDS, mai nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa. Misali, in ruwan rijiyarku ya nuna 300, wanda ya fito daga RO ya kamata ya tsaya wajen 15 zuwa 30. Ranar da ya haura 60 ya ƙi sauka, lokacinta ya yi. Tana buƙatar matsin ruwa mai ƙarfi, sau da yawa da ɗan injin turawa, kuma tana zubar da lita uku ko huɗu kan kowace lita da ta tace, abin da ba ƙaramin asara ba ne ga gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa.

To amma akwai aikin da RO kaɗai ke yi a cikinsu. Kyandir da gawayi na gama-gari ba sa cire zartsi, ba sa cire sinadarin fuloraid. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara sha tsakiyar shekarun 1980 ya ɗauki fuloraid ninki-ninki a kan miligiram 1.5 cikin lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, yara masu yawa suka taso da haƙora masu tabo da ƙasusuwa a karkace. Ruwan nan shi ma garai-garai yake. Don haka kafin ku kashe kuɗi, ku ɗebi ruwan rijiyar ku kai ɗakin gwaji, na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a duba ƙwayoyin cuta, fuloraid, ƙarfe da gishiri, ku kuma lura da nisan rijiyar daga masai da sokawe.

Lissafin watannin da ke jikin kwali ma a yi hattara da shi. An yi shi ne don ƙaramin gida mai shan ruwan famfo da aka riga aka tace. Ɗan filtar jug irin na Brita lita 100 zuwa 150 yake ɗauka. Gida mai mutum takwas, kowa na shan lita uku a zafin Afrilu, zai cinye wannan cikin sati guda. Ki riƙa lissafi da lita da yawan mutanen gidanki. Idan ruwan ya zo da laka, a bar shi ya kwanta a randa, ko a sa masa alam ko dakakken ƙwallon zogale, a tsiyaye na sama kafin a zuba a filta. Hakan kaɗai yana ƙara wa kyandir kwana sosai.

Shawarata, in gwaji ya nuna ruwanku ba shi da zartsi ko fuloraid mai yawa, ki ci gaba da tukunyar kyandir don ruwan sha, da sabon kyandir duk wata 6 zuwa 12, a sa kofin tare laka guda ɗaya a bututun da ya fito daga tanki. Ruwan jarirai, da na kowa a lokacin da kwalara ta ɓulla a gari, a tafasa shi bayan tacewa, saboda kyandir ba ya tare dukkan ƙananan ƙwayoyin bairos. In kuwa gwajin ya nuna matsalar sinadari, a sayi RO, amma maigida ya fara tabbatar da cewa ana samun kayan canjinta a kasuwar garinku, kuma ranar da aka sa kowane kofi a rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a jikinsa.