Taswira a shafinka: Leaflet, Google ko Mapbox, wanne za ka ɗauka?

Mai sana'ar kai kaya gida-gida, ko makarantar da ke son iyaye su ga inda take, ƙarshenta sai sun ce wa mai gina musu shafi, "A sa mana taswira." Aiki uku ne a cikin wannan magana: nuna taswirar, mayar da adireshi ya zama lambobin wuri, da zana hanya daga nan zuwa can. Kowanne da kuɗinsa, kuma ba dole ba ne ka saye su a rumfa ɗaya.

Ni dai ba na ɓoyewa, Leaflet nake ɗauka, 'yar manhajar da ke nuna taswira a shafin intanet. Volodymyr Agafonkin, mutumin Yukiren, ya fitar da ita a 2011, kuma nauyinta bai wuce kusan KB 42 ba. Sai wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa, yana jiran shafi ya buɗe, shi zai san darajar wannan. Kyauta ce, ba a tambayarka katin banki. Sai dai ƙwarya ce ba fura a ciki: hoton taswirar daga wani wuri za ka ɗebo, galibi daga bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da 'yan sa-kai ke zanawa, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Sauran aikin kuma fulogin ne ke yi, wato ƙananan manhajojin da ake jona mata. Idan shagunanka sun kai ɗari sun cunkushe a wuri ɗaya, Leaflet.markercluster za ta dunƙule su sai an matso. Leaflet Control Geocoder ta ba ka akwatin neman adireshi, Leaflet Routing Machine ta zana hanya. Abin da ya fi burge ni, ran da mai ba ka hoton taswira ya tsauwala farashi, layi ɗaya na rubutun manhajar za ka canza ka koma wurin wani, shafinka na nan yadda yake.

Tarko ɗaya gare ta da na taɓa faɗawa. Leaflet tana fara karɓar latitud sannan lonjitud, fayil ɗin GeoJSON kuwa, wanda ake ajiye bayanan wurare a cikinsa, akasin haka yake jera su. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Na juya su ban sani ba, sai ga shagon da ke Kantin Kwari ya bayyana a wajen Ganye, jihar Adamawa. Laifina ne, kuma wuni guda ya ci mini.

Google Maps ta fi kowa sanin sunayen shaguna da gidajen mai, wannan ba musu. Amma tun 2018 sai da mabuɗin API, wato lambar da ke ba shafinka izinin amfani da ita, da asusun biyan kuɗi, kuma a Maris 2025 aka cire rangwamen dala 200 na wata-wata, aka maye shi da adadin amfani na kyauta ga kowane irin aiki. Da dala za ka biya. Sharuɗɗanta kuma sun hana ka ɗauki sakamakon neman adireshinta ka ɗora a kan taswirar wani. Mapbox kyakkyawa ce, sai dai tun Disamba 2020 da ta rufe lasisin manhajarta ta shafi, masu son kyauta suka ɓalle da MapLibre, wadda ita ma ta fi son waya mai ƙarfi. OpenLayers ta masu safiyo ce, ba ta mai sayar da atamfa ba.

Kada wani ya ruɗe ka da maganar neman adireshi. Rubuta "layin mai unguwa, bayan masallacin Juma'a" a kowacce ka gani. Abin da ke aiki shi ne ka bar mai saye ya dasa alama da yatsansa a kan taswira, ko ya danna wayarsa ta faɗi inda yake.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini shafin da aka gina masa, ya biya kuɗi mai kauri, bayan 'yan makonni hanya ta daina zanuwa. Da na buɗe, sai na tarar mai aikin ya bar Routing Machine a jone da sabar gwaji ta manhajar lissafin hanya mai suna OSRM, wadda masu ita suka ce ba ta kasuwanci ba ce. Akwatin neman adireshi kuma yana tura tambaya ga Nominatim, mai neman adireshi ta OpenStreetMap, da kowane harafi da aka buga, alhali dokarta tambaya ɗaya ce a daƙiƙa, kuma ta haramta irin wannan cike-da-kanka. Kayan aro aka yi masa ado da su aka karɓi kuɗin sabo. Gyaran shi ne ko ka ɗora OSRM a sabarka, ko ka biya kamfani irin GraphHopper ya yi maka aikin.

Akwai masu sa mabuɗin da suka kwafo daga shafin wani. Ran da mai shi ya farga, taswirarka ta dushe. Akwai masu buɗe asusun Google ko Mapbox da sunansu, don duk wata ka dawo hannunsu. Akwai masu goge rubutun OpenStreetMap na ƙasan taswira wai don ta yi kyau, alhali lasisin ya wajabta a bar shi. Mafi muni su ne fulogin na WordPress na kuɗi da aka fasa ake rabawa a WhatsApp, ba sa samun gyara, kuma ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Kafin ka biya cikon kuɗi, sa a buɗe maka asusun a gabanka ka ga imel ɗinka ne a kai. A ɗaure mabuɗin da adireshin shafinka kaɗai, a sa iyakar tambayoyi ta kullum. Sannan ka kashe wayifai, ka gwada shafin da datar wayar ɗan aikenka, a titin da zai bi.