Saƙon Murya ko Rubutu a Hirar Dattawa

A zaurukan WhatsApp na 'yan fansho da tsofaffin abokan makaranta, dattawa kan yi raha ta saƙon murya ko ta rubutu. A ganina murya ta fi dacewa da su, domin wasan Bafulatani da Babarbare, ko na Bakano da Bazazzagi, armashinsa yana cikin lafazi da dariyar da ke biyo baya, kuma dattijon da idonsa ya raunana, ko wanda ya fi sabawa da ajami, ba ya shan wahalar lalubar ƙananan haruffa.

Rubutu kuwa ba ya cin data sosai, ana kuma karanta shi cikin jama'a ba wanda ya ji, sai dai zolaya takan fito a rubuce kamar gatse, har aboki ya ɗauke ta da zafi.