Wasiƙa daga Esbjerg: kifi da jirgin fito

Yaya, assalamu alaikum. Ya jikin Inna? A gaishe min da ita sosai.

Ka ce in ba ka labarin kifin ƙasar nan. Garin da nake, Esbjerg, teku ce ta haife shi. A 1868 gwamnatin Danmak ta yanke shawarar gina tashar jiragen ruwa a nan, bayan ta rasa yankunanta na kudu a yaƙin 1864, domin ta riƙa kai kaya Ingila. Daga baya masunta suka cika wurin da ɗaruruwan jirage. Yau kuwa in ka zaga tashar, fukafukan injinan wutar iska za ka gani a kwance, wani ya kusa tsawon filin ƙwallo, suna jiran a kai su tsakiyar teku. Tun 2002 aka kafa injina 80 a Horns Rev, wani wuri a cikin teku kusa da nan. Kamun kifi a garin nan ya kusa zama tarihi, akwai ma gidan adana kayansa.

Kifi a nan yana da tsada. A kanti za ka same shi a yanke, babu kai babu ƙaya, an liƙe shi a leda da ranar lalacewarsa, ga haraji kashi 25 cikin ɗari a cikin kuɗin. Babu tayi, babu gyara. Wallahi ina kewar kasuwar Yauri, inda za ka ɗaga kunnen tarwaɗa ka duba, mai kifi ta ƙara maka biyu don ta san Baba. Abin da ya ɗan share min hawaye shi ne bakskuld, wani faffaɗan kifi da suke sa wa gishiri, su shanya, su banda. Ƙamshinsa sak bandarmu, sai dai gishirin ya yi yawa.

Amma jirgin fito, Yaya, nan suka bar mu. Daga nan zuwa tsibirin Fano minti 12 ne. Lokaci na yi ya tashi, ko mutum uku ne a ciki, in kuma ya cika ba a ƙara ko akuya. Rigunan ceto na nan a akwatunansu, da alama a jiki. Ranar da na fara shiga, na tuna yadda ake loda kwale-kwale ranar kasuwa har ruwa na lasar bakinsa, da mutanen da muka binne, sai da na kasa kallon tekun.

Kuɗin da na turo jiya, don Allah a fara cire na rigar ceto ga yaran da ke ƙetarawa makaranta, kafin ruwa ya cika.

Ƙaninka.